Ina aka saɓa? Tambayoyin da ake yi kafin a rubuta maƙalar jan ra'ayi

Ɗiyar ƙanwata tana ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a nan Damagaram. Kwanan baya ta shigo gidana bayan la'asar da takardu huɗu cike da rubutu, gaba da baya. Ƙungiyar muhawara ta makarantarsu ce ta ba su aiki, kowa ya rubuta maƙalar da za ta shawo kan mai karatu a kan shigar da Hausa lakwal, wato makarantar boko. Ita tana goyon baya, kuma da zafinta. Ta miƙo mini ta ce, "Kawu, ku duba mini. Mushe ya ce babu hujja a ciki, alhali ni ban bar komai ba."

Na karanta. Gaskiyarta, ba ta bar komai ba. Ga tarihin daular Damagaram, ga shigowar Faransawa a 1899, ga yawan masu jin Hausa daga Agadas har Kumasi, ga kirari, ga karin magana uku a sakin layi ɗaya. Gaskiyar mushe, wato malaminsu, kuma, babu hujja. Na ce mata, "Ɗiyata, wa ya ce miki Hausa ba ta da daraja?" Ta yi ɗan tunani ta ce babu. Na ce, "To da wa kike gardama a shafi takwas ɗin nan?"

Abin da ya same ta shi ke samun yawancinmu idan muka zauna rubuta abin da muke so wani ya yarda da shi, ɗalibi ne ko mai rubuta wa magajin gari takardar koke ko mai zuba dogon bayani a Facebook. Mukan zo da amsa a hannu, mu hau tara mata duk abin da ya yi kama da ita, ba mu tsaya mun gano tambayar da amsar take amsawa ba. Maƙalar jan ra'ayi kuwa tun kafin a ɗiga tawada ake cinta ko a faɗi, a wurin ƴan tambayoyin da marubuci ya yi wa kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya bi ta lise zai ce ai mun san wannan, shi ne furoblematik. Haka ne, an koya mana. Mushen falsafa da na Faransanci babu abin da suke nanatawa kamarsa: ka fito da matsalar da ke ɓoye cikin taken da aka ba ka, sannan ka bi ta tez, antitez, santez, wato ka kawo ra'ayi, ka kawo kishiyarsa, ka sulhunta su. Tsarin ba shi da laifi. Mu ne muka mayar da shi abin buga bulo, duk ƙasar da aka zuba siffa ɗaya take fitowa. Ɗalibi ya ɗauki taken yadda yake, ya manna masa "shin" a gaba da alamar tambaya a baya, ya ce ga furoblematik. Sannan akwai wani bambanci da ba a cika faɗa wa yara ba. Mai rubuta disertasiyo, wato irin wannan maƙala ta lise, a kujerar alƙali yake, yana auna ɓangare biyu. Mai rubutun jan ra'ayi ɗaya ne daga cikin masu shari'ar, yana da ɓangare, kuma akwai wanda yake so ya juyo. Wanda ya kawo tsarin alƙali cikin aikin mai ƙara, zai gama shafinsa kowa na zaune inda yake.

Abin da ya fi taimaka mini a zaure na same shi. Malaman fiƙihu, kafin su shiga mas'alar da aka yi saɓani a kanta, sukan yi abin da suke kira tahriru mahallin niza'i. A fara ware abin da kowa ya yarda da shi a aje gefe, a ci gaba da warewa, har a iso daidai gaɓar da aka rabu. Sau da yawa idan an gama sai a tarar abin da ya rage ɗan mitsitsi ne, wani lokacin ma babu shi, saɓanin na lafazi ne kawai. Girkawa ma sun yi irin wannan tunani. Wani malamin balaga mai suna Harmagoras, a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, ya tsara wa masu tsayawa gaban shari'a matakan da rigima ke iya tsayawa a kai. A ce an kama mutum da akuyar wani. Ya ɗauka ko bai ɗauka ba? In ya ɗauka, me sunan abin: sata ce, aro ne, ko bashinsa ya ƙwata? In sata ce, yaya nauyinta, akwai uzuri? Na huɗu a wurinsa shi ne ko wannan kotun ce ma ta cancanci sauraron ƙarar, amma malaman rubutu na yanzu sun mayar da shi tambayar aiki: to me za a yi, kuma wa zai yi?

Amfanin wannan jeri shi ne ba a tsallake mataki. Idan ku biyu ba ku daidaita a kan sunan abu ba, gardamar da za ku yi a kan abin da ya kamata a yi shan iska ce. Duk wanda ya taɓa zama a fada ana shan shayi ya ga haka: wannan yana kan mataki na biyu, wancan ya riga ya kai na huɗu, murya na tashi, har a sauke shayi na uku babu wanda ya taɓa maganar ɗan'uwansa.

Sai muka ɗora taken yarinyar a kan matakan. Me ya faru? A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Tun kafin wannan, a 1973, a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ake koyarwa da harshen gida, kuma dokar da ta tsara ilimi a 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji tare da Faransanci. Duk wannan babu mai musu. Layi huɗu sun ishe shi, ita kuwa ta ba shi shafi uku.

A mataki na biyu ne ƙasa ta motsa. Na tambaye ta, "Koyar da Hausa kike nufi ko koyarwa da Hausa?" Ta ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Gaɓa guda ce ta raba su, "wa", amma na farko yana nufin a ware ƴan awoyi a mako a koya wa yaro karatu da rubutu da nahawun Hausa, kamar yadda ake ware wa Ingilishi. Na biyu yana nufin lissafi da kimiyya da tarihi duk su bi ta bakin Hausa. Mutum na iya rungumar na farko hannu biyu ya ƙi na biyu. Kuma ko a cikin na biyun akwai wani rabe-raben: har zuwa wane aji? Firamare aji shida ce, daga CI zuwa CM2. Wanda ya ce shekara uku na farko da Hausa, Faransanci na shigowa da baki a hankali har ya karɓi ragama, da wanda ya ce Hausa zalla har bak, wato jarrabawar gama lise, ba su cikin jam'iyya ɗaya, ko da kuwa dukkansu "masu goyon bayan Hausa" ake kiransu. A shafi takwas ɗin nan yarinyar ta yi ta tsalle tsakanin ukun ba ta sani ba. Idan ta ji ƙarfi sai ta nemi Hausa har jami'a, idan ta hango suka sai ta koma kan cewa ai darasi ɗaya kawai ake nema. Mai karatu yana ganin irin wannan tsallen ko da bai san sunansa ba, kuma daga nan yake daina yarda da kai.

Ni a ganina wannan ita ce uwar tambayoyi, kuma ita ta cancanci rabin lokacin shiri: daidai ina muka saɓa da wanda nake so in juyo? Sauran duk ƴaƴanta ne. Waɗannan tambayoyi shida na ƴan jarida da ake koya wa yara, wa da me da ina da yaushe da yaya da don me, suna da kyau wajen tattara labari, amma ba sa nuna gaɓar rigima. Za ka iya amsa su duka ka fito da rahoto mai tsabta wanda bai motsa kowa ba.

"Wanda nake so in juyo" shi ma sai an ba shi fuska. Da na tambaye ta wa take rubuta wa, ta ce jama'a. Jama'a ba ta da kunne. Akwai uba mai runfa a kasuwar Dole wanda ya haƙura da taimakon yaronsa ya kai shi lakwal, yana kuma sane da cewa jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare da bak da gasar ɗaukar aiki da Faransanci ake yin su. Wannan mutumin Hausa yake yi daga safe har dare, ba ya bukatar a yi masa kirarinta. Tsoronsa shi ne kada a yi gwaji da ɗansa, ƴaƴan masu hali kuma su wuce makarantun kuɗi su ci gaba da Faransancinsu. Akwai mushen da aka horar da Faransanci, yana jin Hausa kamar me, amma bai taɓa zama an koya masa inda ake sa ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma bai san da wace kalma zai kira kashi-kashin lissafi a gaban yara sittin ba. Tsoronsa jin kunya a gaban aji. Akwai uwa a wajen Gure da Barbarci ake yi a gidanta, da makiyayi a Tasker da yaransa Tubanci suka tashi da shi, da Buzaye a Tanut, da Fulani a ko'ina. Duk a cikin jihar Damagaram suke. Su tambayarsu ita ce: in hujjarku ita ce yaro ya fi gane karatu da harshen uwarsa, to namu fa?

Maƙala ɗaya ba ta iya juyo waɗannan duka. Dole a zaɓi ɗaya a zaunar da shi gaba, a yi masa tambayoyi uku a zuci: me ya riga ya yarda da shi, me yake tsoro, kuma me zai rasa in ya bi ni. Ta ukun ce ake yawan mantawa. Mutum kan ƙi magana ba don bai gane ta ba, sai don ya gane abin da za ta ci masa. Aristotal, tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce da abu uku ake shawo kan mutum: halin mai magana, yanayin zuciyar mai sauraro, da hujjar kanta. Biyu cikin ukun mutane ne. Mu kuwa mukan ƙare ƙarfinmu a kan na ukun, mu yi ta mamakin taurin kan jama'a.

Yanzu ga wurin da ɗalibai, da manya ma, suka fi yaudarar kansu. Akwai tambaya ta gaske, akwai ta ado. Yarinyar ta rubuta a saman takardarta: "Shin bai kamata mu daraja harshenmu ba?" Wannan amsa ce ta sa rigar tambaya. Babu mahalukin da zai ce a'a, saboda haka ba za ta kai ka ko'ina ba. Tambayar da ke jagorantar shiri ita ce wadda amsarta za ta iya fitowa ba yadda kake so ba. "Yaron da ya yi shekara uku na farko da Hausa, idan ya kai CM2, Faransancinsa zai kai na wanda ya fara da Faransanci tun ranar farko?" Wannan tana iya cewa e, tana iya cewa a'a, kuma duk abin da ta ce, uban nan na kasuwar Dole zai matso da kujerarsa. Idan ka rubuta tambaya ka ji gabanka bai ɗan faɗi ba, da wuya ta zama ta gaske. Nakan ce wa masu koyo su ƙara wata a ƙasan takarda wadda ba za ta shiga maƙalar ba: me zan gani da zai sa in sauya ra'ayi? Wanda ya ce babu, wa'azi zai yi, kuma wa'azi waɗanda suka riga suka yi imani yake ƙara wa ƙarfi.

Daga nan sai hujja. Malaman munazara, wato ilimin ƙa'idojin muhawara, suna da wata ƙa'ida gajeriya da ta isa a rubuta ta a bangon kowane aji: in naƙaltowa kake yi, to ka inganta, in da'awa kake yi, to ka kawo dalili. Kowace jimla a maƙala ɗayan biyun ce. Saboda haka a gaban kowace a tambaya: wannan ji na yi ko ni nake faɗa? In ji na yi, daga wa, shi kuma ina ya samo? Yarinyar ta sa wani adadi na masu jin Hausa a duniya. Na tambaye ta inda ta samo shi, ta ce a wani guruf na WhatsApp. Muka cire. Ba wai lallai ƙarya ba ne, amma in abokin gardama ya kama ka da lamba ɗaya da ba ka iya kare ta, sauran gaskiyarka ma ta shiga tuhuma. A maimakonsa ga abin da ya shafi tambayarta kai tsaye: an auna yaran makarantun gwaji na Nijar wajen shekara ta 2000, aka ga waɗanda suka fara da harshen gida sun fi iya karatu, kuma ba su kasa a Faransanci ba. Wannan hujja ɗaya ta fi kirari ashirin. Amma ita ma tana jawo tambayarta, wadda mai suka ba zai bari ta wuce ba: makarantun gwaji ƴan kaɗan ne, idon hukuma da na masu tallafi na kansu, to abin da ya yi kyau a ƴan makarantu zai yi kyau idan aka baza shi ƙauye-ƙauye?

Akwai wata tambaya da ta fi wannan ɓoyewa, kuma ita ce ke kayar da gwanaye. Wani masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, ya nuna a 1958 cewa tsakanin dalili da da'awa kullum akwai wata gada da mai magana ke takawa ba tare da ya ambace ta ba. Bari in ba da misali daga wata gardama da kowane ɗan Damagaram ya taɓa ji. A ce: tun 2011 matatar mai ta SORAZ ke aiki a arewacin garin nan, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, saboda haka Damagaram ta fi kowace jiha cancantar cin moriyar mai. Dalilin gaskiya ne. Amma me ya haɗa shi da "saboda haka"? Gadar da ba a faɗa ba ita ce, wanda arziki ke ƙasarsa shi ya fi cancanta. To ɗanyen man daga Agadem yake zuwa, cikin jihar Diffa, ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 400. Gadar da ka gina, mutumin Diffa zai riga ka hawa. Wanda ya yi wa kansa tambayar tun a gida, "wace ƙa'ida nake takawa, kuma zan yarda da ita in an juya ta kaina?", zai nemi wata gadar, misali cewa wanda ke zaune da hayaƙi da manyan motoci da lalacewar hanya yana da haƙƙin diyya. Wannan ta fi ƙanƙanta, amma tana ɗaukar nauyi.

Haka ta faru da yarinyar. Gadarta ita ce yaro ya fi koyo da harshen da ya sha a nono. Da aka juya ta, sai ga yaron Gure da na Tasker tsaye a kai. Ko dai ta yarda cewa hujjarta ta harshen gida ce, kowane ne, ko kuma ta sauya hujja ta ce Hausa ce harshen kasuwa da tasha da kusan kowa ke ji a jihar, wanda wata gardama ce daban mai nata nauyin da nata masu adawa. Ba ta iya riƙe biyun a hannu ɗaya.

Wani abin kuma shi ne girman tambaya. Idan aka ce wa ɗan garin nan ya rubuta abin da ya dame shi, ruwa zai ɗauko. Sai ya fara: garin yana zaune a kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ƙaranci, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram ake jawo shi, har ma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birnin mulkin mallaka Yamai a 1926. Duk daidai. Amma wa kake gaya wa? Matar da ta kwana tana jiran famfo da jarkoki a jere? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. "Matsalar ruwa a Damagaram" take ne, babu gardama a cikinsa. Gardamar tana can ƙasa: in kuɗin da ke akwai ba su isa komai ba, a fara da sababbin rijiyoyi masu nisa ko da gyaran bututun da ke cikin gari? Idan ruwan bai isa ba, yaya za a raba shi tsakanin tsofaffin unguwanni irin Birni da Zango da sababbin da ke ta tsirowa a gefe? A sa wa ƴan ga-ruwa farashi a lokacin bazara ko a bar su da kasuwa? Kowace ɗaya a nan maƙala ce cikakkiya, kuma kowace tana da mutanen kirki a ɓangarorin biyu. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: in tambayar ba za ta amsu a shafukan da aka ba ka ba, ta yi girma, in babu mai hankalin da zai amsa ta saɓanin yadda ka amsa, ta yi arha.

Idan an samu uwar tambaya, ƴaƴanta uku ko huɗu sun isa, kuma kowace ita za ta zama sashe a maƙalar. Jerinsu kuwa ba yadda suka zo maka a kai ba, yadda za su taso a kan mai karatu. Ka yi kamar yana zaune yana katse ka. Ka ce a fara da Hausa, ya ce me kake nufi. Ka fayyace, ya ce to Faransancin fa. Ka kawo abin da aka auna, ya ce wa zai koyar. Kowace amsa ita ke haifar da tambaya ta gaba, kuma in ka bi wannan igiyar ba ka bukatar "bugu da ƙari" da "har ila yau" don ɗinke sassa. An saba koya wa yara su aje sukar abokin gardama can kusa da ƙarshe, su kuma zaɓi mai rauni don ta yi sauƙin kayarwa. Ban yarda da wannan ba. Mai karatun da ya zo da shakka, sukarsa na bakinsa tun layin farko, kuma ba ya jin komai sai ka taɓa ta. Ka ɗauko mafi ƙarfinta da wuri, ka faɗe ta yadda shi kansa zai ce "haka nake nufi", sannan ka amsa. Inda ba ka da amsa, ka ce nan kam da gaskiyarsa. Ba a rasa mai karatu don an ba shi gaskiya a wuri ɗaya.

Kada kuma a ɗauka sai an zuba tambayoyin nan cikin maƙalar. Dukawan garin nan sukan zana fata kafin su sa wuƙa, amma wanda ya sayi jakar ba ya ganin zanen. Wata tambayar za ta fito fili a gabatarwa, sauran su narke su zama jimlolin buɗe sashe. Akwai kuma masu wuce gona da iri, su cika takardar gwaji da tambaya talatin har lokaci ya ƙare ba su rubuta komai ba. A jarrabawa mai awa huɗu, in ka ba shiri awa ɗaya ka yi adalci. A gida kuma, ranar da ka ga tambayoyin sun fara maimaita juna, shiri ya ƙare.

Bayan mako guda ta dawo da shafi ɗaya da rabi. Daular Damagaram ta fita, kirari ya fita, karin magana ɗaya ya tsira. Taken ma ya sauya: yanzu tana neman a fara karatun shekara uku na farko da harshen da yaro ya zo da shi daga gida, wanda a cikin gari Hausa ce, kuma ta ware sakin layi guda ta ce a inda Barbarci ko Tubanci ko Fulatanci ke gida, hujjar tasu ce. Ta zaɓi mahaifinta a matsayin wanda take rubuta wa, domin shi ne ya sha faɗa a gida cewa ba a kai yaro lakwal don ya koyo abin da ya riga ya iya.

Muka tafi gidansu tare bayan magariba, ta karanta masa a zaure. Ya saurara bai katse ta ba, abin da ba halinsa ba ne. Da ta gama ya yi shiru, ya ce, "To, in dai shekara uku ne, kuma Faransancin bai tsaya ba, ban ƙi ba. Amma yaron zai riƙe littafin lissafi na Hausa a hannunsa, ko mushe ne zai riƙa fassarawa da ka? Wa zai buga littafin, da kuɗin wa?"

Ta dube ni. Wannan ba ta cikin tambayoyinta, ba ta kuma cikin nawa. Ta ce, "Baba, ku maimaita," ta juya takardar ta rubuta a bayanta.